Wa Ya Ce Bature Malalaci Ne?

Wani ɗan ƙanin mahaifina da ke aiki a gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila ya turo min saƙon murya wata rana da asuba. Daga jin muryarsa ka san bai runtsa ba. Ya ce, "Yaya, wallahi mutanen nan ragwaye ne. Lokacin tashi na cika za ka ga Baturiya ta saɓa jakarta, ko waiwaye babu. Mu ne dare, mu ne Asabar da Lahadi, mu ne ranar Kirsimeti. Manaja da bakinta ta ce ba don mu ba da tuni an rufe gidan." Da ɗan alfahari ya faɗi haka, irin na wanda aka shafa wa kai. Ni kuwa tun ranar maganar take min kai-komo a rai, domin na taɓa jin ta, kusan kalma da kalma, a Kano, daga bakin masu gidan bulo da masu gidan burodi, a kan samarin unguwa.

Mai gidan bulo zai ce maka shi ba ya ɗaukar 'yan unguwa, sai yaran da suka zo ci-rani daga Maraɗi ko Damagaram ko ƙauyukan Jigawa, wai su ne masu zuciyar nema. Abin da ba zai faɗa maka ba shi ne, yaron nan a cikin kangon yake kwana, ba ya tambayar ladan ƙarin lokaci, kuma ranar da aka sallame shi babu kawun da zai zo ya yi magana. Abin da ke faruwa a Birtaniya ke nan, sai dai can an sa wa al'amarin kwat da takardu. Yabon da ake wa baƙo da zagin da ake wa ɗan gari daga baki ɗaya suke fitowa, bakin mai son a yi masa aiki mai wuya a kan kuɗi kaɗan. Ɗan'uwana rabin da ya yi masa daɗi kawai ya ji.

Zancen lalacin Bature ba baƙi suka ƙirƙiro shi ba. A 2012 wasu 'yan majalisa biyar na jam'iyyar Conservative suka haɗu suka fitar da littafi, a ciki suka ce 'yan Birtaniya na cikin manyan malalatan duniya. Cikinsu akwai Liz Truss, wadda ta zama firaminista a 2022, da Kwasi Kwarteng da ta naɗa ministan kuɗi, da Priti Patel da ta riƙe ma'aikatar cikin gida. Ana tsakiyar takarar shugabancin jam'iyya a watan Agustan 2022 kuma aka fallasa wani tsohon faifan murya inda Truss ke cewa ma'aikatan ƙasar na buƙatar ƙara zage damtse. Ita kanta dai kwana 49 ta yi a ofis, amma wannan wani zancen ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, jam'iyyar da manyanta ke cewa ɗan ƙasa ba ya son aiki ita ce daga 2010 zuwa 2019 ta riƙa yi wa wannan ɗan ƙasar alƙawarin rage baƙi zuwa ƙasa da 100,000 a shekara. David Cameron bai cika ba, Theresa May ba ta cika ba, kuma a hannun jam'iyyar ne a 2023 rarar masu shigowa a kan masu fita ta haura 900,000 a shekara guda. Da safe a ce wa mai zaɓe baƙo ne ya ƙwace masa aiki, da yamma a ce wa mai gona ya kwantar da hankalinsa, biza na nan tafe.

Tushen rigimar ta wannan zamani na komawa ga 1 ga Mayun 2004, ranar da ƙasashe goma suka shiga Tarayyar Turai, takwas daga cikinsu na gabashi ne, irin su Polan da Lituweniya. Yawancin tsofaffin ƙasashen Tarayyar sun ce a dakata tukuna kafin mutanen nan su shigo neman aiki. Birtaniya da Ayalan da Suwidin ne suka buɗe ƙofa nan take. Ƙiyasin da aka yi wa gwamnatin Tony Blair ya ce mutum 5,000 zuwa 13,000 za su riƙa ƙaruwa a shekara. Abin da ya zo ya ninka haka sau da yawa. Cikin 'yan shekaru sai ga 'yan Polan a wuraren gini, a mahauta, a otal-otal, a rumbunan ajiyar kaya, a gonakin kabeji da dankali na Lincolnshire. Masu ɗaukar aiki suka yi ta zuba musu kirari: ba sa latti, ba sa ƙorafi, ba sa cewa kai na ciwo ranar Litinin. A 2007 Gordon Brown, magajin Blair, ya fito da taken ayyukan Birtaniya na ma'aikatan Birtaniya ne, a 2009 ma'aikatan matatar mai ta Lindsey suka ɗauki taken suka maƙala a kwalaye suka shiga yajin aiki saboda an kawo 'yan Italiya da Fotugal. Da aka zo ƙuri'ar raba-gardama ta 23 ga Yunin 2016, garin Boston na Lincolnshire, inda baƙin gona suka fi yawa, shi ya fi ko'ina zaɓen a fice daga Tarayyar Turai, da fiye da kashi 75 cikin 100.

Daga nan sai gwaji ya zo, har sau biyu. A 2020 annobar korona ta rufe iyakoki daidai lokacin da amfanin gona ke nuna. Gwamnati ta ƙaddamar da gangamin kiran 'yan ƙasa su fito tsinkar 'ya'yan itace da ganye, har Yarima Charles na lokacin ya fito ya yi kira da kansa. Dubbai suka nuna sha'awa, kaɗan suka je, waɗanda suka kai ƙarshen kaka kuwa ba su taka kara sun karya ba. A watan Afrilun shekarar sai da aka yi shatar jirage aka ɗebo ma'aikata daga Romaniya. Shekara na zagayowa aka naɗe gangamin. Masu cewa Bature raggo ne ba su da hujjar da ta fi wannan, kuma ina ganin ya kamata a tsaya a dube ta da kyau.

Mene ne aikin? Wata shida ne ko ƙasa da haka, a gonar da motar haya ba ta zuwa. Za ka fita tun duku-duku, ka wuni a sunkuye, ana auna kwandunan da ka cika, in ka gaza adadi a mai da kai masauki ranar ta tafi a banza. Masaukin kuwa ɗakunan kwano ne masu taya da ake jerawa a bakin gona, mutum huɗu ko shida a ɗaya, kuma ana zarar kuɗin kwana daga ladanka. To ka ɗauki magidanci a Manchesta mai 'ya'ya biyu a makaranta da kuɗin haya a kansa duk wata. Ya bar gidan ya tafi ya biya wani kuɗin kwanan a gona, in kaka ta wuce ya dawo ya fara neman aiki daga farko? In yana karɓar tallafin gwamnati, a kan kowane fam da ya samu a aiki za a zare masa kwabo 55 daga tallafin, illa ɗan adadin farko da ake ɗaga wa masu yara ƙafa a kansa. Duk wanda ya iya lissafi ba zai je ba. An gina aikin ne tun asali a kan mutumin da ba shi da gida a ƙasar, ba shi da iyali a kusa, kuma kuɗin da zai samu a wata kasuwa zai kashe shi.

Wannan batu na ƙarshe shi ne wanda mu ya kamata mu fi kowa ganewa. A Afrilun 2025 an mai da mafi ƙarancin lada a Birtaniya ga wanda ya kai shekara 21 fam 12.21 a awa. A shekarar fam ɗaya ya kai wajen naira 2,000. Aikin awa 3 ke nan ya haura naira 70,000, mafi ƙarancin albashin wata guda a Najeriya. Ɗan'uwana idan ya karɓi aikin dare na ƙari, a ransa yana ganin buhunan siminti ne da kuɗin makarantar ƙannensa da kujerar Makka ta mahaifiyarsa. Baturiyar da ta saɓa jaka, wannan daren a wurinta bai wuce kuɗin wuta da gas ba, kuma sai ta biya wanda zai zauna mata da yara. Fam ɗaya ne a hannunsu, amma nauyinsa ya bambanta. Sannan akwai kunya. Saurayin da ba zai tura kurar ruwa a unguwarsu a Kano ba, shi ne za ka gani a kasuwar Mile 12 a Legas da buhun albasa a ka, yana gudu. Jininsa bai canza a hanya ba, ya dai je inda babu wanda ya san ubansa. Mai digiri biyu daga Zariya yana wanke tsoho a Ingila, aikin da ko a mafarki ba zai karɓa a gida ba, kuma ba na ganin laifinsa. Ina dai so ya tuna da haka kafin ya kira wani raggo.

Gwaji na biyu ya zo a 2021, kuma shi ne ya tona asirin zancen. Bayan an rufe ƙofar zirga-zirga da Turai a ƙarshen 2020, sai direbobin manyan motoci suka yi ƙaranci. A watan Satumba aka wayi gari da layin mai a gidajen mai na Landan, irin wanda muka saba da shi a gida, har sai da sojoji suka tuƙa tankoki. Manoma suka riƙa kashe aladu suna zubarwa saboda babu mahauta. Gwamnati ta yi tayin bizar wucin gadi 5,000 ga direbobi, kaɗan suka nema. Sai me? Sai kamfanoni suka ƙara albashi, wasu manyan kantuna suka sa tukwicin fam 1,000 ga direban da ya sa hannu, aka fara maganar gyara wuraren kwana da banɗakunan kan hanya, mutane suka shiga koyon tuƙin tirela. Ashe aikin da aka ce Bature ba ya so, farashinsa ne bai kai ba.

Akwai kuma abin da ake kira himma alhali igiya ce. A Fabrairun 2022, lokacin da guraben aikin kula da tsofaffi da nakasassu a Ingila suka kai wajen 165,000, gwamnati ta buɗe biza ga masu wannan aiki. 'Yan Indiya da Najeriya da Zimbabuwe da Ghana suka yi ta kwarara. Bizar kuwa a ɗaure take da kamfanin da ya tsaya maka. Ya sallame ka, ko aka ƙwace lasisinsa, kwana 60 ake ba ka ka samo wani ko ka tattara. Ba ka da damar karɓar tallafin gwamnati. Da yawa sun sayar da fili ko mota, ko sun ci bashin miliyoyi sun ba ejan kafin a ba su takardar ɗaukar aiki, duk da cewa sayar da ita haramun ne a doka. Wasu sun sauka suka tarar babu aikin ma. Gwamnatin da kanta ta ce daga Yulin 2022 zuwa Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanoni fiye da 470 a wannan fanni, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Mutumin da ke cikin wannan hali, in manaja ta kira shi ƙarfe 10 na dare ta ce ya dawo, zai ce a'a? Tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Mu da muka san labarin 'yan'uwanmu masu aikatau a ƙasashen Larabawa a ƙarƙashin kafala, bai kamata wannan tsari ya zame mana baƙo ba. Ba su zama ɗaya ba, a Birtaniya akwai kotu kuma doka ta hana riƙe fasfon ma'aikaci, amma dai igiyar daga reshe ɗaya aka yanko ta.

Inda wannan hanya take kaiwa in an sake mata linzami, ƙasar ta gani a gaɓar Morecambe a daren 5 ga Fabrairun 2004. 'Yan Sin ne marasa takardu, wani ɗan kwangila ya tura su tsintar katantanwar teku cikin duhu, ruwa ya dawo ya rufe su, fiye da 20 suka mutu. Su ma na tabbata akwai wanda ya taɓa yabon ƙwazonsu. Bayan nan ne aka yi dokar ba 'yan kwangilar leburori lasisi.

To shi Baturen fa, gaskiya ne ba ya aiki? Alƙaluma ba su ce haka ba. A shekara, matsakaicin ma'aikaci a Birtaniya ya fi na Jamus yawan awoyin aiki, amma ba ka jin ana kiran Bajamushe malalaci. Inda Birtaniya ta gaza shi ne yawan abin da ma'aikaci ke samarwa a awa guda, nan Jamus da Faransa da Amurka duk sun wuce ta. Wannan kuwa ba a gwiwar lebura yake ba. Mai tarakta da mai fartanya in suka wuni a gona, ba za ka ce mai fartanya raggo ne don kadadarsa ba ta kai ba. Ƙasar ta daɗe tana baya wajen zuba jari a injina da horar da ma'aikata, kuma muddin akwai hannaye masu araha da za a ɗauko daga waje, mai masana'anta ba ya ganin dalilin sayen inji ko koya wa yaron gari sana'a.

Mutanen nan da ake zagi jikokin masu haƙar kwal ne. A 1920 fiye da mutum miliyan 1 ke shiga rami a ƙasar, suna fitowa da baƙin huhu. Su suka ƙera jiragen ruwa a Glasgo da Niyukasil, su suka narka ƙarfe a Shefil. Bayan yajin aikin shekara guda na 1984 zuwa 1985, wanda gwamnatin Margaret Thatcher ta karya, aka bi ramukan ana rufewa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe mai zurfi, Kellingley, ya rufe a Disambar 2015. Abin da ya maye gurbinsu a garuruwan shi ne rumbunan ajiyar kaya da kwantiragin da ba ya lamunce maka ko awa ɗaya a mako. Wanda ya san Kakuri a Kaduna kafin masaƙu su mutu da bayan sun mutu, ya san yadda gari ke zama idan aikin da ya ba shi suna ya tafi. Yau kimanin mutum miliyan 2.8 ne a Birtaniya ba sa aiki saboda doguwar jinya, kuma a 2023 layin masu jiran magani a asibitocin Ingila ya haura miliyan 7 da rabi. Mai jiran aikin ƙugu shekara guda ba zai je tsinkar tufa ba.

Ba na cewa babu ragwaye. Akwai su, kamar yadda suke a kowace majalisar shayi a ƙasarmu. Akwai gidajen da aka taso ba a ga kowa ya fita aiki da safe ba, akwai matasan da ke raina aikin hannu, akwai masu wasa da tsarin tallafi. Ɗan'uwana bai yi ƙarya ba a kan abin da idonsa ya gani. Amma Baturiyar da ta tashi a kan lokaci ba ta saci komai ba. Dokar ƙasar tun 1998 ta ce kada a tilasta wa ma'aikaci wuce awa 48 a mako sai da yardarsa. Haƙƙinta ta sani, kuma babu wanda zai iya yi mata barazana da jirgi. Kakanninta ne suka yi yajin aiki suka sha kulki kafin a samu hutun ƙarshen mako da ladan ƙarin lokaci. Abin da ɗan'uwana ke kira ragwanci, wani ɓangarensa 'yanci ne da shi bai samu ba tukuna.

Kalmar raggo ma tana da tarihi a tsakaninmu da mutanen nan, kuma a da mu ake jifa da ita. Jami'an mulkin mallaka sun cika rahotanninsu da cewa baƙar fata ba ya aiki sai an tsaya a kansa. Da wannan hujja aka sa haraji don a tilasta wa manomi neman kuɗi, da ita aka ɗebi mutane aikin layin dogo da ya iso Kano a 1911. Daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya, aka yi ta ɗiban dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, ɗiban gwamna, da yawa sanyi da cuta suka kashe su. A 18 ga Nuwambar 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu saboda rigimar lada. Duk wanda ya ƙi aikin wahala a kan ladan banza, sunan da ake raɗa masa ke nan, ko a Jos yake ko a Yorkshire. Shi ya sa nake jin wani iri idan na ji jikan wanda aka kira raggo ya ari kalmar yana jifan wani talakan da ita.

A ɗaya ɓangaren, ba na cikin masu cewa duk Baturen da ya yi ƙorafi a kan baƙi mai wariyar launin fata ne. In ƙaramin gari ya ƙaru da dubban mutane cikin shekara goma, ba a ƙara gidaje ba, ba a ƙara ajujuwa ba, ganin likita ya koma sai an yi mako biyu, dole a ji a jika. Binciken masana ya fi karkata ga cewa baƙi ba su taɓa matsakaicin albashi sosai ba, amma ɗan matsin da ake samu a kan masu ƙaramin lada yake sauka, wato waɗanda ba su da ƙarfin ɗauka. Ƙorafin na da tushe. Inda aka kuskure shi ne wanda ake huce haushin a kansa. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wanda ya ƙi gina gidaje, da wanda ya soke tallafin ɗaliban aikin jinya a Ingila a 2017 sannan ya tafi Manila da Legas neman nas-nas, da wanda ya matse wa ƙananan hukumomi kuɗin kula da tsofaffi har albashin aikin ya kasa na mai jera kaya a kanti, duk suna zaune lafiya. Wanda ake tarewa a tashar bas a zaga shi ne mai dawowa daga aikin dare. A ƙarshen Yuli da farkon Agustan 2024, bayan kisan yara mata uku a Southport da ƙaryar da aka yaɗa cewa baƙo Musulmi ne ya yi, aka jefi masallaci, aka nemi cinna wa otal ɗin masu neman mafaka wuta a Rotherham. Wanda ya yi kisan a Cardiff aka haife shi.

Wannan hali na kira da hannun dama a kora da na hagu tsoho ne. Jirgin ruwan Windrush ya sauke 'yan Karibiyan a Tilbury a Yunin 1948, bai fi mako biyu ba kafin a buɗe hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, wadda tun daga lokacin take tsaye a kan ƙafafun baƙi. Enoch Powell ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1960 zuwa 1963, ana ta ɗauko likitoci da nas-nas daga ƙasashen renon Ingila a ƙarƙashinsa, shi ne kuma a 1968 ya yi jawabin da ya fi kowane shahara wajen tsorata mutane da baƙi. A 2018 aka gano an kori wasu 'yan zamanin Windrush daga aiki, an hana su magani, wasu an tasa ƙeyarsu zuwa ƙasashen da suka baro tun suna yara, har ministar cikin gida Amber Rudd ta yi murabus. Yau kusan ɗaya cikin biyar na ma'aikatan NHS a Ingila ba 'yan ƙasa ba ne, kuma 'yan Najeriya na sahun gaba bayan 'yan Indiya da Filifin. Likitoci huɗun farko da korona ta kashe a ƙasar duk baƙi ne Musulmi, biyu 'yan asalin Sudan, ɗaya Pakistan, ɗaya kuma Dakta Alfa Sa'adu daga jihar Kwara. A lokacin an riƙa tafa wa ma'aikatan lafiya a ƙofar gida duk ranar Alhamis. Kowa ya ci ladan kuturu dai an san abin da ke kansa.

Kafin mu ɗaga hanci, laifi tudu ne. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, mutanen Ghana kusan miliyan 1 suka kama hanya, cikinsu har da malaman makaranta da magina da teloli da ake yabon aikinsu lokacin da kuɗin mai ke gudana. Jakar da suka zuba kayansu har yau da sunansu muke kiran ta. Kafin nan, a 1969, gwamnatin Busia a Ghana ta yi wa 'yan Najeriya da Nijar irin wannan kora, Hausawan zango da yawa suka baro dukiyarsu. Baƙo mai ƙwazo ne muddin kasuwa na ci.

Da za a tambaye ni, abu na farko da zan ce a yi shi ne a kwance bizar daga wuyan kamfani, a ɗaura ta a kan fannin aikin, yadda ma'aikaci zai iya barin azzalumin manaja ya koma wani gidan ba tare da fargabar kwana 60 ba. Ranar da baƙo ya iya cewa a'a, ranar ya daina zama sandar dukan ɗan gari, kuma ɗan garin ne zai fara cin moriyar hakan. Sai kuma a biya aikin kula da tsofaffi kuɗin da ya dace da wahalarsa, ko da hakan na nufin ƙarin haraji, domin a nan ne ƙaryar take: ana so a kula da iyaye da araha, ba a so a ga fuskar mai kula da su. Abin da gwamnatin jam'iyyar Leba ta yi ya sha bamban. A Mayun 2025 firaminista Keir Starmer ya yi gargaɗin kada ƙasar ta zama tsibirin da mutane ba su san juna ba, kalaman da daga baya ya ce ya yi nadamarsu. A Yuli aka rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje, a shekarar kuma aka kawo shawarar mai da zaman jiran takardar dindindin daga shekara 5 zuwa 10. Wato wanda ke ciki, a ƙara masa tsawon igiya.

Duk wannan na faɗa wa ɗan'uwana, a guntu-guntu, cikin saƙonnin da yake saurara a bas. Bai yarda da ni duka ba. Ya ce, "Yaya, kai kana can kana lissafi, ni nake ɗaga tsofaffin nan." Na ce haka ne. Shi yana cikin waɗanda suka shigo da iyali kafin a hana masu wannan biza zuwa da mata da yara a Maris ɗin 2024, don haka ɗansa na fari yana firamare a can, Hausarsa ma ta fara karkacewa. Kwanan baya ya turo min wani saƙon yana dariya. Wai malamar ajinsu ta tambayi yara aikin da kowa zai yi in ya girma, nasa ya ce ko wanne ne ban da irin na Baba, domin Baba ba ya kwana a gida. Ya ce, "Ka ji min ɗan Bature, Yaya." Sai na ji ƙarar ƙofar bas ta buɗe, ya ce zai kira ni in ya tashi, an roƙe shi ya riƙe wa wata aikin daren Lahadi.